Mary McLeod Bethune: 'Yar Bayin Da Ta Gina Jami'a A Kan Juji

A wannan fitowar, filinmu na tarihin fitattun mata zai yi doguwar tafiya har ƙasar Amurka, mu ji labarin wata baƙar mace, Kirista, wadda ta rasu tun 1955 amma har yau sunanta na kan ƙofar wata jami'a. Sunanta Mary McLeod Bethune. Iyayenta bayi ne. Da dala ɗaya da rabi da 'yan mata biyar ta buɗe makarantarta. To amma ba za a gane girman aikinta ba sai an fara sanin irin katangar da aka gina tsakanin baƙar fata da karatu a wannan ƙasa, domin jahilcin da suka tashi a ciki da doka aka dasa shi, da kuɗin gwamnati kuma aka yi ta yi masa ban-ruwa.

A zamanin bauta, a jihohi da dama na kudancin Amurka, koya wa bawa karatu laifi ne. Karolina ta Kudu, inda aka haifi Mary, tun 1740, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Ingila, take da dokar da ta hana koya wa bawa rubutu. A 1834 aka ƙara tsaurara ta har ta haɗa da karatu: Baturen da ya koyar tara da ɗauri, baƙin da ya koyar kuwa bulala. Dalilin a fili yake. Bawan da ya iya rubutu zai rubuta wa kansa takardar izinin fita ya gudu, wanda ya iya karatu kuma zai san abin da duniya take ciki. Saboda haka da aka gama yaƙin basasa aka soke bauta a 1865, mutum wajen miliyan huɗu suka samu 'yanci, mafi yawansu ko sunansu ba su iya rubutawa ba.

Shekara goma bayan nan, ranar 10 ga Yuli, 1875, aka haifi Mary Jane McLeod a wata bukkar katako kusa da ƙauyen Mayesville. Ita ce ta 15 cikin 'ya'ya 17 na Samuel da Patsy McLeod, yawancin yayyenta kuma cikin bauta aka haife su. Bayan 'yanci mahaifiyarta ta ci gaba da yi wa tsofaffin iyayengijinta aikatau, har ita da mijinta suka mallaki 'yar gona ta kansu suna noman auduga da shinkafa. Mary ta tashi cikin gona kamar sauran 'yan gidan, rana ta fito tana cirar auduga, rana ta faɗi tana cirar auduga.

Akwai wani abu da ya faru tana ƙarama, wanda ita da kanta ta sha ba da labarinsa bayan ta girma. Wata rana ta raka mahaifiyarta kai wankakkun kaya gidan Turawa, sai 'ya'yan gidan suka bar ta ta shiga ɗakin wasansu. Ta ga littafi ta ɗauka. Nan take ɗaya daga cikin yaran ta hana ta, ta ce ta ajiye tunda ba ta iya karatu ba. Allah Sarki, yarinya ce ta faɗa wa yarinya, wataƙila ma ba ta san nauyin maganar ba. Amma Mary ta tafi gida da ita a zuci, ta fara tunanin ko bambancin da ke tsakanin gidansu da wancan gida shi ne wannan karatun.

Ba a daɗe ba 'yan mishan na cocin Presbyterian suka buɗe makaranta mai ɗaki ɗaya domin 'ya'yan baƙar fata a Mayesville, malamarta wata baƙar mace ce mai suna Emma Jane Wilson. Gidan su Mary ba su da halin sakin hannu da yawa daga gona, sai aka zaɓe ta ita kaɗai. Tafiyar mil 5 take yi a ƙasa kafin ta isa. In ta dawo da yamma ta zaunar da 'yan gida ta koya musu abin da aka koya mata. Masu rubuta tarihinta sun ce har maƙwabta kan nemi ta duba musu lissafin awon auduga, domin manomin da bai san lamba ba abin da mai sikeli ya faɗa masa shi ne. Ki lura 'yar uwa, makarantar nan ta coci ce. Da 'yan mishan ba su zo ba, da wuya yarinyar ta taɓa riƙe alli.

Da ta ƙare abin da makarantar ƙauye ke iya koyarwa, sai ta koma gona, don babu gaba. Ana nan sai wata Baturiya mai sana'ar ɗinki can birnin Denver, wadda ba ta taɓa ganin Mary ba, ta ce za ta riƙa cire wani abu daga kuɗin ɗinkinta ta biya wa baƙar yarinya ɗaya kuɗin makaranta. Malama Wilson ta ba da sunan Mary. Da wannan tallafi ta tafi Scotia, makarantar kwana ta 'yan mata baƙar fata a Karolina ta Arewa, ta gama a 1894. Daga nan ta wuce makarantar koyon Baibul ta Moody a birnin Shikago, da burin a tura ta Afirka aikin mishan. Da ta nema sai aka ce babu gurbin baƙar fata. Tirƙashi! Jikar 'yan Afirka ce aka ce ba ta dace da zuwa Afirka ba, alhali ana tura Turawa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta juyo kudu ta kama koyarwa.

Shekarun da aka rufe ƙofa

Ta shiga aikin malanta ne daidai lokacin da ake ƙwace ɗan abin da baƙar fata suka samu bayan yaƙi. A 1895 jiharta ta rubuta cikin tsarin mulkinta cewa ba a yarda ɗan baƙi da ɗan fari su zauna makaranta ɗaya ba. A 1896 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani mutum mai suna Homer Plessy, wanda aka kama don ya zauna a taragon Turawa a jirgin ƙasa a jihar Luwiziyana. Kotu ta ce raba jinsi bai saɓa wa tsarin mulki ba, muddin abin da aka tanadar wa kowane ɓangare daidai yake da na ɗayan. Rabawar kam an yi ta da gaske, a jirgi, a asibiti, a makaranta, har a maƙabarta. Daidaitawar ce babu wanda ya waiwaye ta. Makarantar baƙar fata watanninta na karatu sun fi kaɗan don yara su koma gona, albashin malaminta bai kai na Bature ba, littattafanta sau da yawa tsofaffi ne da makarantar Turawa ta gama da su, sakandare kuwa a yawancin garuruwa babu ita sam.

Mary ta ga wannan da idonta. A 1896 ta samu aiki a birnin Augusta ta jihar Jojiya, a makarantar Haines wadda wata baƙar mace, Lucy Craft Laney, ta kafa da ƙoƙarin kanta. A garin akwai sakandaren gwamnati ta baƙar fata mai suna Ware, irinta kuwa ba su da yawa a duk kudu. A 1897 hukumar ilimi ta rufe ta, wai kuɗin sun fi amfani a firamaren baƙar fata, alhali tana ci gaba da ɗaukar nauyin sakandaren 'ya'yan Turawa. Iyaye suka kai ƙara, suna cewa su ma haraji suke biya. A 1899 Kotun Ƙoli ta ƙi sa baki, ta bar hukumar da abin da ta yi. Wato ko sharaɗin daidaito da kotun ta gindaya shekara uku da suka wuce, da aka zo kan makaranta ita ma ta kau da kai. A wurin Lucy Laney ne Mary ta ga cewa mace baƙa za ta iya kafa makaranta ta riƙe ta, a nan kuma ta ƙudurta cewa 'ya'ya mata za ta fi ba ƙarfi, don uwa in ta iya karatu da wuya 'ya'yanta su tashi ba su iya ba.

A 1898 ta auri Albertus Bethune, shekara ta zagayo suka haifi ɗansu Albert, shi kaɗai ta haifa. Suka koma garin Palatka a jihar Fulorida inda ta riƙe wata makarantar mishan, tana haɗawa da sayar da inshora don cefane.

Dala ɗaya da rabi

A lokacin ana shimfiɗa layin dogo a gabar gabashin Fulorida, ana gina manyan otal domin attajiran arewacin Amurka da ke gudo sanyi su zo hutu. Baƙaƙen leburori suka yi ta kwarara can da iyalansu, yara na yawo ba makarantar kirki. Wannan ne ya kai ta garin Daytona a 1904. Ta samu wani tsohon gida da ake haya dala 11 a wata, ita kuwa dala ɗaya da rabi ke hannunta. Mai gidan ya yarda ta shiga ta biya daga baya. Ranar 3 ga Oktoba, 1904, ta buɗe makaranta da 'yan mata biyar, sai ɗanta Albert na shida.

Abin da kamar wuya, wai gurguwa da auren nesa. Babu benci, babu tebur, sai akwatunan katako da ta tsinto bayan shaguna. Gawayi shi ne fensir, tawada kuma matse ta ake yi daga 'ya'yan wata bishiya. Katifa buhu ne da aka cusa wa ciyawa. Takan bi bayan otal-otal tana tsintar fasassun kwanuka, karyayyun kujeru da tsofaffin zannuwan gado, a wanke a gyara. Ita da iyayen yara suka riƙa gasa kek ɗin dankali, suna soya kifi, suna kai wa leburori talla. Da wani tsohon keke take zagaya gari neman taimako, ta kuma haɗa ɗalibanta ƙungiyar mawaƙa suna rera waƙoƙi a otal ana ba su abin da ya samu. Kafin shekara biyu ɗalibai sun kai 250, gidan haya ya yi musu kaɗan.

Filin da ƙarfinta zai iya kaiwa juji ne, inda mutanen gari ke zubar da shara, har ana yi masa laƙabi da Ramin Jahannama. Mai shi ya ce dala 250. Ta roƙe shi ya karɓi dala 5 kafin alƙalami, sauran a biya cikin shekara biyu, ko dala 5 ɗin ma da tallan kek ta haɗa su. Aka kwashe shara, aka roƙi tsohon bulo da katako, wasu magina suka yi aiki a madadin kuɗin makarantar 'ya'yansu. A 1907 suka tare a gininsu na farko, ta sa masa suna Zauren Imani. A wannan shekarar ce kuma mijinta ya bar gida ya koma Karolina ta Kudu. Ba saki aka yi ba, amma ba su sake zama tare ba har ya rasu a 1918. Masu ba da tarihinta kan wuce wannan wuri da sauri, ni kuwa ina ganin ya kamata a faɗe shi. Macen da ke kwana tana tashi da 'ya'yan mutane ɗari biyu da wani abu, ba kuɗi ba hutu, dole wani gefe na rayuwarta ya ji jiki.

Wajen neman kuɗi kuwa Allah Ya yi mata baki da rashin tsoro. Ta rubuta wa James Gamble, na gidan masu kamfanin Procter & Gamble, wato masu Pampers da Ariel da muka sani, tana gayyatarsa ya shiga kwamitin amintattun makarantarta. Da ya zo ya ga akwati a matsayin tebur, ya tambaya ina makarantar take. Ta nuna masa cewa makarantar tana cikin zuciyarta tukuna, amanar wannan buri take so ya riƙe. Ya yarda, ya daɗe yana taimakonta, haka ma Thomas White mai kamfanin keken ɗinki.

A nan akwai wata dabara da ya kamata a fahimta. A wancan zamani shugabannin baƙar fata sun rabu biyu kan irin ilimin da ya dace. Booker T. Washington yana ganin a fara da sana'ar hannu, W. E. B. Du Bois kuma yana ganin hana su ilimi mai zurfi wata hanya ce ta barin su 'yan aikatau har abada. Attajiran Turawa sun fi sakin kuɗi ga makarantar da ke koyar da girki, ɗinki da wanki, tunda ba ta tsorata kowa. Mary ta koyar da waɗannan sosai, yara na tashi tun ƙarfe biyar da rabi na asuba, kuma su ne abin da ake nuna wa baƙi masu ziyara. Amma a hankali ta yi ta cusa lissafi, kimiyya, Ingilishi, harsunan waje da horon malanta, har makarantar ta kai matakin sakandare ta wuce. Wasu sun zarge ta da yawan lallashin masu kuɗi. Ni dai da na dubi inda ta faro da inda ta kai makarantar, ban ga alamar ta manta inda ta dosa ba. Kuma duk ranar Lahadi da ake taro a makarantar, in Turawa masu hutu suka zo kallo, babu kujerun fari da na baƙi, kowa ya zauna inda ya samu, duk da al'ada da dokokin jihar ba su yarda da haka ba.

Wata rana ciwon afendis ya kama wata ɗalibarta. Asibitin garin na Turawa ne. Da ƙyar da roƙo aka karɓe ta, da Mary ta je dubiya sai ta tarar an keɓe yarinyar a baranda ta bayan kicin. A 1911 ta buɗe asibiti mai gado biyu kusa da makaranta, ta sa masa sunan iyayenta, McLeod. Ya girma har gado 20, ana kuma horar da 'yan mata aikin jinya a ciki.

Makaranta ɗaya ba ta isa ba

Duk wannan ƙoƙari, yara nawa makaranta ɗaya za ta ɗauka? 'Yan ɗaruruwa, alhali miliyoyi na waje. Kuɗin ilimi na gaske yana hannun hukumomi, hukumomi kuma ƙuri'a ke naɗa su, baƙar fata kuwa an toshe musu hanyar ƙuri'a da harajin kai da jarrabawar karatu, ga barazana. Kin ga yadda aka ƙulla abin: an hana mutum makaranta, sannan an ce ba zai yi zaɓe ba sai ya iya karatu, wanda aka zaɓa ba da shi ba kuma ya ƙara hana 'ya'yansa makaranta.

Da aka ba matan Amurka 'yancin zaɓe a 1920, Mary ta buɗe ajin dare tana koya wa manya yadda za su ci jarrabawar rajista, tana bi gida-gida tana tara kuɗin harajin. Wannan ba ƙaramin ganganci ba ne. A ranar zaɓen Nuwamba 1920, a garin Ocoee na jihar ta Fulorida, saboda wani baƙi ya je jefa ƙuri'a aka ƙone unguwar baƙar fata, aka kashe mutane da dama, sauran suka gudu. A farkon shekarun 1920 ɗin ne, daren jajibirin wani zaɓe, 'yan ƙungiyar ta'addancin nan ta Turawa, Ku Klux Klan, masu rufe fuska da farin ƙyalle, suka yi jerin gwano suka shigo harabar makarantarta, makarantar da 'yan mata ke kwana. Ta fito ta tsaya a fili inda za su gan ta, ɗalibai na rera waƙoƙin coci, har suka gaji suka juya. Gari na wayewa ta ja mutanenta zuwa rumfar zaɓe. Aka bar su a layi har yamma, suka jira, suka jefa.

A 1923 makarantarta ta haɗe da Cookman, wata makaranta ta birnin Jacksonville, ta koma ta maza da mata ƙarƙashin kulawar cocin Methodist. A 1931 ta zama Kwalejin Bethune-Cookman, a 1941 ta samu izinin yin karatun digiri na shekara huɗu. Mary ce shugaba har 1942, ta sake riƙewa na ɗan lokaci daga 1946 zuwa 1947.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ta ba ƙungiyoyin mata ƙarfi. Ta shugabanci babbar ƙungiyar mata baƙar fata ta ƙasa daga 1924 zuwa 1928, a 1935 kuma ta kafa majalisar da ta tattara ƙungiyoyin mata baƙar fata ƙarƙashin inuwa ɗaya domin su yi magana da gwamnati da murya guda. Ta ƙulla aminci da Eleanor Roosevelt, matar shugaban ƙasa Franklin Roosevelt. A 1938, a wani taro a birnin Birmingham ta jihar Alabama da su biyun suka halarta, 'yan sanda suka ce dole a raba zama, sai matar shugaban ƙasa ta ɗauki kujerarta ta dasa a tsakiyar hanyar da ta raba ɓangarorin biyu.

Lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye a shekarun 1930, Roosevelt ya kafa hukumar tallafa wa matasa da aikin yi da kuɗin karatu. Daga 1936 Mary ce ke riƙe da sashen baƙar fata na hukumar, muƙamin da babu baƙar macen da ta taɓa kai irinsa a gwamnatin tarayya kafin ita. Matsalar ita ce jami'an jihohi ke raba kuɗin, a kudu kuwa an san hannun da za su bi. Ta yi ta zagaya jihohi tana matsawa a naɗa baƙaƙen jami'ai, ta sa aka ware asusu na musamman domin ɗaliban baƙar fata na manyan makarantu. Dubun dubatar matasa sun amfana. Gaskiya ne ba ta iya rusa wariyar da ke cikin shirin ba, a kudu ayyukan a rabe suka ci gaba, kuma wasu matasan 'yan gwagwarmaya sun ga kamar ta cika haƙuri. Ita dai lissafinta shi ne yaron da ke buƙatar kuɗin makaranta bana ba zai jira a gyara doka baɗi ba. Ita ce kuma jagorar baƙaƙen jami'an da ke ba shugaban ƙasa shawara. A 1944 tana cikin waɗanda suka kafa asusun haɗin gwiwa na kwalejojin baƙar fata, a 1945 kuma tana cikin masu ba tawagar Amurka shawara a taron San Francisco da ya haifi Majalisar Ɗinkin Duniya.

Wani hali nata da ke burge ni shi ne ba ta yarda a raina ta a suna. Turawan kudu ba sa kiran baƙar mace da laƙabin girmamawa na matar aure, sai su kira sunanta tsirara ko su ce mata anti. A wurinmu anti ko gwaggo girmamawa ce, a can kuwa hanya ce ta ƙin ba mace matsayinta. Ana ba da labarin wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ya kira ta haka, ta dube shi cikin natsuwa ta tambaye shi ɗan wace ce shi cikin 'yan uwanta mata. Afirkar da aka hana ta zuwa tana budurwa kuwa, sai da ta taka ta a 1952, tana da shekara 76, a matsayin wakiliyar gwamnatin Amurka wajen rantsar da shugaba William Tubman na Laberiya.

Abin da ta gani da wanda ba ta gani ba

Yanzu mu koma inda aka haife ta. Gundumar Clarendon tana maƙwabtaka da gundumar su Mary a Karolina ta Kudu. A 1947, wato shekara wajen 60 bayan Mary ta yi tafiyar mil 5 zuwa makaranta, 'ya'yan baƙar fata na Clarendon har lokacin a ƙasa suke tafiya, wasu ma fiye da haka, alhali 'ya'yan Turawa na da motocin makaranta wajen 30. Iyaye suka roƙi mota ɗaya tak, aka hana su. A shekarar karatu ta 1949 zuwa 1950 gundumar ta kashe dala 179 kan kowane ɗan Bature, dala 43 kan kowane ɗan baƙi. Iyayen da suka sa hannu a takardar ƙara an kori wasu daga aiki, an hana wasu bashin noma, limamin cocin da ya jagorance su, J. A. De Laine, an ƙone masa gida. Wannan ƙara ce aka haɗa da wasu huɗu, lauya Thurgood Marshall da abokan aikinsa suka tsaya musu, ta zama shari'ar da aka sani da sunan Brown. Ranar 17 ga Mayu, 1954, alƙalan Kotun Ƙoli tara suka haɗu baki ɗaya cewa raba yara a makarantun gwamnati saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulki.

Mary ta ga wannan rana, ta kuma yi murna da ita. Shekara ɗaya da kwana ɗaya bayan hukuncin, ranar 18 ga Mayu, 1955, ciwon zuciya ya yi ajalinta a gidanta da ke cikin makarantar, saura 'yan makonni ta cika shekara 80. A nan harabar aka binne ta.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A 1957 sai da shugaba Eisenhower ya tura sojoji kafin yara baƙar fata tara su shiga sakandare a Little Rock. A 1960 jami'an tsaron tarayya ne ke raka Ruby Bridges, 'yar shekara shida, zuwa firamare a New Orleans, manyan mata na tsaye bakin hanya suna zagin ta. Gundumar Prince Edward a jihar Bajiniya ta gwammace ta rufe makarantun gwamnati gaba ɗaya daga 1959 zuwa 1964 da ta haɗa yara. Inda aka haɗa ɗin ma, sau da yawa makarantar baƙar fata ake rufewa, dubban malamai da shugabannin makarantu baƙaƙe, irin su Emma Wilson na zamaninsu, suka rasa aikinsu. Har yau kuma kaso mai yawa na kuɗin makarantun gwamnati a Amurka daga harajin gidajen unguwa yake fitowa, ga shi an daɗe ana hana baƙar fata sayen gida a unguwanni masu daraja. Shi ya sa makarantu da dama suke nan kusan a rabe ba tare da wata doka ta ce a raba ba.

Makarantar da aka gina a kan juji ta zama Jami'ar Bethune-Cookman a 2007. A ginin majalisar dokokin Amurka da ke Washinton, kowace jiha tana da damar ajiye mutum-mutumin mutane biyu da take alfahari da su. Shekara kusan ɗari ɗaya daga cikin na Fulorida na Edmund Kirby Smith ne, janar a rundunar kudu da ta yi yaƙi don bauta ta ɗore. Jihar ta sauke shi, a watan Yuli 2022 aka kafa na Mary a madadinsa, ita ce baƙar fata ta farko da wata jiha ta zaɓa a wannan jeri. An sassaƙa ta sanye da rigar kammala jami'a, sanda a hannu ɗaya, baƙar furen wardi a ɗayan, don haka take kiran ɗalibanta.